Gaskiya da Gajiya a Ɗakin Majiyyata: Tarihin Horon Ɗaliban Jiyya daga 1860

Gabatarwa

A gindin gadon majiyyaci a asibiti akan rataye wata takarda. A kanta ake rubuta zafin jikinsa, da bugun jininsa, da yawan numfashinsa cikin minti guda, da maganin da aka ba shi da lokacin da aka ba shi. In likita ya zo zagaye da safe, takardar nan yakan fara dubawa kafin ya dubi mai ita, kuma bisa ga abin da ya gani a cikinta yake ƙara magani ko ya rage, ya sallami mutum ko ya riƙe shi. Shi bai kwana a ɗakin ba. Wadda ta kwana, ta auna, ta rubuta, sau da yawa ɗaliba ce mai koyon aikin jiyya, wadda ba ta daɗe da barin makarantar sakandare ba. Idan ta rubuta abin da ba ta auna ba, da wuya wani ya gane, gama lambar ƙarya da ta gaskiya kamarsu ɗaya a kan takarda.

Nufin wannan lacca shi ne a bi tarihin wannan amana tun daga ranar da aka buɗe makarantar Naitingel a birnin Landan a 1860. Abin da tarihin ya nuna shi ne, masu tsara horon jiyya sun ɗauki gaskiya hali ne da ɗaliba take zuwa da shi daga gida, su kuwa aikinsu tsarewa da hukunci. Sun daɗe ƙwarai kafin su yarda cewa yadda suka tsara aikin da kansa yana da hannu wajen ko za a faɗi gaskiya ko za a ɓoye ta. Hausawa sun riga sun faɗa: in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Makarantar farko da rajistar hali

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, jiyya a asibitocin Ingila aiki ne na matan da ba su sami wani abin yi ba. Ladansa kaɗan ne, ba a koyar da shi a aji, kuma jama'a sun ɗauki masu yinsa mashaya giya masu karɓar na goro daga hannun majiyyata. Ko da yake akwai nagari da yawa a cikinsu, wannan suna ya bi su duka. Da Filorens Naitingel ta komo daga Yaƙin Kirimiya a 1856, jama'a sun tara mata kuɗi kimanin fam dubu 44, da su aka kafa makarantar koyon jiyya a Asibitin Sen Tomas. A watan Yuli na 1860 ɗalibai 15 suka fara, a ƙarƙashin shugabar ma'aikatan jiyya ta asibitin, Sarah Wardroper. Horon na shekara guda ne, ana ba kowace ɗaliba wurin kwana da abinci da tufafin aiki da fam 10.

Babban abin da makarantar ta sa gaba shi ne wanke sunan sana'ar. Saboda haka aka buɗe wa kowace ɗaliba shafi a cikin rajista, ana cika shi wata-wata. Kashi ɗaya na shafin ya shafi iya aiki, watau wanke miki da ɗaure shi, gyaran gado, ɗaga wanda ba ya iya motsi, dafa abincin marasa lafiya, da lura da yanayinsu. Ɗaya kashin kuwa na hali ne: kamewa daga giya, riƙon amana, faɗin gaskiya, zuwa kan lokaci, natsuwa da tsabta. A wajen iya aiki akan ba da maki, mai rauni ta sami damar gyarawa. Amma a wajen giya da amana da gaskiya, ƙa'idar ita ce laifin farko ya isa kora.

Ita Naitingel ta san al'amarin ya fi haka zurfi. A littafinta na bayanin jiyya, wanda ya fito dab da buɗe makarantar, ta keɓe babi guda a kan lura da majiyyaci, inda ta nuna cewa mutum yakan ba da rahoton da ba daidai ba alhali bai yi niyyar ƙarya ba, don kawai ba a koya masa dubawa da riƙe abin da ya gani ba. Amma ita tana gida, rashin lafiya ta kwantar da ita, makarantar kuwa tana hannun asibiti. Sai a farkon shekarun 1870, da ta shiga ganawa da ɗaliban ɗaya bayan ɗaya tana karanta littattafan da suke rubuta aikinsu na kullum, ta gane cewa yawancin lokacinsu a aikin ƙarfi yake ƙarewa, koyarwa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Aka sake malamin da ke ba su lacca, aka naɗa wata mai kula da su a gidan kwanansu. Masaniyar tarihi Monica Baly, wadda ta binciki rajistar makarantar ta buga sakamakon a 1986, ta tarar cewa a shekarun farko da yawa daga cikin ɗaliban ba su cika alkawarin aikinsu ba: an kori wasu, ciwo ya kayar da wasu, har akwai waɗanda suka mutu suna cikin horo. Ashe tun daga tushe, neman cikakkiyar gaskiya da aikin da ya fi ƙarfin jiki tare suka taso.

Takarda ta shigo ɗaki

A daidai wannan zamani aikin likita ya koma ga lambobi. A 1868 wani likitan Jamus, Carl Wunderlich, ya buga littafi a kan zafin jiki bayan an auna majiyyata kimanin dubu 25 a asibitinsa na Laifzig, ya nuna cewa hawa da saukar zafi suna bayyana irin ciwon da kuma inda ya dosa. Dab da haka wani likitan Ingila, Clifford Allbutt, ya ƙera gajeren ma'aunin zafi mai shiga aljihu, wanda yake ba da amsa cikin minti biyar maimakon minti ashirin na tsohon. Da farko likitoci da ɗalibansu ne suke aunawa. Kafin ƙarnin ya ƙare aikin ya koma hannun ma'aikatan jiyya, daga nan kuma ya gangara ga mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Lissafin abin ba shi da wuya. Dogayen ɗakunan da aka gina bisa shawarar Naitingel sukan ɗauki gado wajen 30. Ƙirga bugun jini yadda ya kamata minti guda ne, ƙirga numfashi wani minti guda, watau sa'a guda cur ga ɗaki ɗaya, ba a sa lokacin ma'aunin zafi da na rubutu ba. Ga masu ciwo mai tsanani kuwa, bayan kowace sa'a huɗu ake maimaitawa. Ɗalibar da ke kan wannan aiki ita ce kuma mai kai tasar bayan gida da wanke ta, mai shayar da wanda ba ya iya ɗaga kai, mai canja zanen gado. Da dare sau da yawa ɗaliba ɗaya ko biyu ake bar wa ɗaki, sista guda tana zagaya ɗakuna da yawa. Da gari ya waye, abin da idon shugaba zai fara kamawa shi ne gurbin da ba a cika ba a takarda. Gurbi laifi ne da ake gani daga nesa, lambar da aka kwaikwayo daga ta sama kuwa ba ta kuka.

Numfashi ne ya fi shan wannan wahala, domin a yawancin ɗakuna ba na'ura ce ke ƙirga shi ba, sai an tsaya da agogo ana duban ƙirji. Wani bincike da aka yi a asibitocin jihar Tekzas ta Amurka, aka buga a 2017, ya tarar cewa lambobin numfashi da ake rubuta wa majiyyata sun taru a kan 18 da 20 fiye da yadda jikin ɗan Adam zai iya yi. Haɗarin kuwa babba ne, gama saurin numfashi yana daga cikin alamun farko da ke nuna cewa majiyyaci ya fara taɓarɓarewa, tun sa'o'i kafin abin ya fito fili.

Ɗaliba ce ko ma'aikaciya

Asibitoci ba su daɗe ba suka gane cewa makarantar jiyya hanya ce ta samun ma'aikata da araha. A Amurka an buɗe makarantu uku bisa tsarin Naitingel a 1873, amma zuwa 1900 sun haura 400. Aka tsawaita horon daga shekara ɗaya zuwa biyu, daga biyu zuwa uku, ba tare da an ƙara koyarwa daidai da haka ba. Da ɗaliba ta gama, sau da yawa sai a sallame ta ta tafi jiyya a gidajen masu hali, a ɗauki sabuwa a madadinta. A 1893 Lystra Gretter ta wata makaranta a Ditiroit ta tsara rantsuwar da ake kira Alkawarin Naitingel, wadda ɗalibai suke yi ran yaye su. Rantsuwar ta ɗora nauyin amana a wuyan ɗaliba, ba ta ce kome a kan abin da asibiti zai yi mata ba.

Horon da ake yi musu irin na soja ne. Ƙarama ba ta yi wa babba magana sai an tambaye ta. Ana rufe ƙofar gidan kwana da wuri, aure kuwa yana nufin barin aiki. A asibitoci da yawa, wadda ta fasa ma'aunin zafi sai ta kai gutsattsarin gaban shugaba, ta sha faɗa, a cire kuɗinsa daga ɗan abin da ake ba ta. Darasin da ke cikin wannan ba ya ɓuya ga yarinya mai hankali: mai faɗa ita ke biya, mai ɓoyewa ta tsira. Wadda ta koyi ɓoye fasasshen gilashi a watanta na farko, ta riga ta san abin da za ta yi ran da ta ba majiyyaci maganin wani.

Gwamnatoci da masana sun yi ta nuna aibin tsarin. Rahoton Goldmark na 1923 a Amurka ya ce bukatun asibiti sun danne na koyarwa. A Ingila kwamitin da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 1932, ya soki tsawon lokacin aiki da ƙananan dokoki marasa amfani. Kwamitin Athlone na 1939 ya ba da shawarar kada aiki ya wuce sa'a 96 cikin mako biyu, wanda ya nuna yadda yake kafin nan. Rahoton Wood na 1947 ya danganta yawan barin horo da tsananin horo da halin manya ga ƙanana, ya ce a mai da ɗaliba ɗaliba ta gaskiya. Rahoton Platt na 1964 ya maimaita. Duk an karanta su, an ajiye, domin a cire ɗalibai daga jerin ma'aikata yana nufin a ɗauki dubban ƙwararru a biya su albashi.

Abin da Isabel Menzies ta gano

A ƙarshen shekarun 1950 wani babban asibitin koyarwa a Landan ya gayyaci Cibiyar Tavistock ta taimaka masa, domin rarraba ɗalibai a ɗakuna ya gagara. Ma'aikatan jiyyarsa kimanin 700 ne, ƙwararru a cikinsu kimanin 150 kurum, sauran duk ɗalibai. Isabel Menzies, wadda ta jagoranci binciken, ta buga sakamakonsa a 1960. Ta tarar kashi ɗaya bisa uku na ɗaliban ba sa gama horo, yawancinsu kuwa da kansu suke tafiya, ba faɗuwa jarrabawa ta kore su ba.

Bayanin da ta ba da shi ne, kusantar ciwo da tsiraici da mutuwa kullum yana tayar da tsoro da ƙuncin rai, tsarin asibiti kuwa an gina shi ne don a kauce wa wannan tsoro maimakon a koyi ɗaukarsa. An yanka aiki gunduwa-gunduwa, ɗaliba ɗaya ta auna zafin kowa, wata ta gyara gadon kowa, ba wadda ta san majiyyaci guda sosai. Ana kiran mutum da lambar gadonsa ko da sunan ciwonsa. Ana yin kowane aiki a kan lokacinsa ko da bukata ko babu, har a tayar da mai barci don a cika umarni. Manya suna ganin ƙanana ba su da kula, ƙanana suna ganin manya ba su da tausayi, an hana kowa nuna damuwa. Menzies ta nuna cewa wannan tsari ya kasa rage tsoron, ya ma ƙara shi.

Menzies ba ta je neman ƙarya ba, amma abin da ta bayyana shi ne ƙasar da ƙarya take tsirowa a cikinta. Ɗalibar da ta san majiyyacinta, lambar 28 a wajen numfashi za ta tayar mata da hankali. Wadda aka ba ta gurbi 30 ta cika kafin ƙarfe shida, a wurinta lamba tawada ce kawai. Kath Melia, wadda ta tattauna da ɗaliban jiyya a Sikotilan ta buga littafinta a 1987, ta ji daga bakinsu cewa abin da suka fi koya a ɗaki shi ne sajewa da waɗanda suka tarar da kuma gama aiki a kan lokaci. Hanya biyu ce gare su, ta aji wadda ake nuna wa mai jarrabawa, da ta ɗaki wadda ake aiki da ita.

Yadda tsarin ya iso Nijeriya

Wannan tsari ne Turawan mulki da 'yan mishan suka kawo Nijeriya. A asibitocin gwamnati da na En'e, da na mishan irin su Wusasa da Bom, an fara da koyar da mataimaka a bakin aiki, kuma a Arewa maza ne da yawa daga cikinsu. Aka kafa Majalisar Ma'aikatan Jiyya ta Nijeriya a 1947, aka buɗe makarantar jiyya ta Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1952 bisa manhajar Ingila. Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta shiga makarantar Naitingel ɗin kanta a 1946, ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jiyya na wannan asibiti, a 1964. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen digiri na jiyya a 1965, dokar soja mai lamba 89 ta 1979 kuma ta haɗa majalisar jiyya da ta ungozoma wuri guda.

Tare da farar riga da agogon ƙirji, an gaji jerin girma da tsoron sista, da littafin da ɗalibi yake kai wa a sa masa hannu cewa ya yi allura ko ya wanke miki a gaban ƙwararre. Ga wannan gado sai kunya ta gida ta haɗu da shi, domin yaron da aka tarbiyyantar kada ya ɗaga ido gaban babba, da wuya ya ce masa bai iya ba, balle ya ce ya yi kuskure. Inda kuma ma'aunin hawan jini guda ne ga ɗaki biyu, ko ƙwararru sun yi ƙaranci saboda ficewarsu zuwa ƙasashen waje, wadda ta tsananta bayan 2020, ɗalibi yakan koma matsayin da ɗalibar 1860 take, watau hannun aiki da farko, mai koyo in lokaci ya ragu.

Da aka fara aunawa

Fiye da shekara ɗari ana hukunta rashin gaskiya ba a auna yawansa ba. A 1985 Gail Hilbert ta Amurka ta tambayi ɗaliban jiyya a asirce, wasu suka amsa cewa sun rubuta magani ko awo da ba su yi ba, sun ɗauki kayan asibiti, sun yi zancen majiyyata a bainar jama'a. Wani bincike na Linda Krueger a 2014 ya tarar fiye da rabin ɗaliban da aka tambaya sun aikata wani abu irin wannan a wajen koyon aiki, kuma mai maguɗi a aji ya fi kusa da yinsa a ɗaki. A 2020 masu bincike a kudu maso gabashin Iran suka nuna cewa rashin gaskiya a ɗaki yana tafiya tare da yawan matsin da ɗalibi yake ji.

Abin lura shi ne, waɗannan bincike sun zo ne bayan an gyara tsohon tsari a ƙasashe da dama. A Ingila shirin da aka kira Project 2000, wanda aka gabatar a 1986 aka fara aiki da shi a 1989, ya cire ɗalibai daga lissafin ma'aikata, ya mai da karatunsu manyan makarantu. Matsin bai tafi ba, ya sake kama ne. Tsoron kora ya koma tsoron maki, kuma wanda ɗalibi zai kai wa rahoton kuskurensa shi ne mai ba shi makin.

Gyara na biyu daga harkar jiragen sama aka aro shi, inda tun 1976 Amurka take da hanyar da matuƙi zai ba da rahoton kuskurensa a asirce. Rahoton Cibiyar Likitanci ta Amurka na 1999 ya ƙiyasta cewa mutum dubu 44 zuwa dubu 98 suna mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kuskure, ya ce yawancinsa daga tsari yake, kuma hukunta mai faɗa yana sa a rufe baki ne kawai. A Ingila, bayan rahoton Francis na 2013 a kan sakacin da aka yi a asibitin Stafford, an kafa doka a 2014 mai tilasta wa asibiti ya gaya wa majiyyaci in an cuce shi.

Kammalawa

Babu abin da ke cikin wannan tarihi da ya wanke mai rubuta lambar ƙarya. Cikin ɗaki guda, a dare guda, wata ɗaliba takan bar gurbi ta sha faɗa da safe, wata ta cika shi da ka. Bambancin da ke tsakaninsu na hali ne, kuma majiyyacin da ke kwance shi ne zai biya. Naitingel ba ta yi kuskure ba da ta sa gaskiya a kan gaba cikin rajistarta.

Kuskuren magadanta shi ne tsayawa a nan. Rajista da rantsuwa da kora sun yi aiki shekara ɗari da ɗoriya, ba su hana abin da aka tarar ran da aka fara tambaya a asirce ba. Abin da ya rage yana hannun waɗanda ba sa kwana a ɗakin: jami'in ma'aikatar lafiya mai yanke yawan ma'aikatan da za a ɗauka, akawu mai sa hannu a kan sayen ma'auni, shugabar makaranta mai tsara abin da za a yi wa ɗalibin da ya zo da kansa ya ce ya yi kuskure. In aka karɓi gurbin da ba a cika ba a matsayin labari na gaskiya game da ƙarancin ma'aikata, za a ga gurabe da yawa a takarda, amma lambobin da ke kusa da su likita zai iya dogara a kansu. In kuwa aka nace sai takarda ta cika ko ta halin ƙaƙa, za ta cika.